Silifas ɗin Mai Wanke-wanke

Takalman ne suka fara fitowa daga motar kafin mai su. Ƙofar baya ta buɗe, wani siririn hannu ya ajiye baƙaƙen takalma sababbi a ƙasa, ya jera su kai da kai, sannan ƙafafun tsohuwa suka sauko a hankali suka shige ciki.

"Inna, mota ce fa, ba ɗakin surukai ba," in ji mai tuƙin, wani ƙosasshen mutum da wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi. "Sau nawa zan ce ki bar takalminki a ƙafa?"

Matar mai tuƙin ta yi 'yar dariya, wata budurwa mai tabarau ta kama hannun tsohuwar, su huɗu suka shiga gidan abincin.

Mai Sawu ya ga wannan ne yana tsugune gaban tayar wata babbar mota, ya kuma mayar da kansa kan aikinsa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin da aka sace, har idonsa ya saba gaida ƙasa kafin ya gaida fuska. Da gwiwa ta ƙi, sai ya kafa rumfar faci a gefen wannan gidan abinci na bakin titi, inda matafiya ke tsayawa su ci shinkafa da miya su wuce. Sunan ne kawai ya biyo shi.

Ba a yi awa ɗaya ba ihu ya tashi.

* * *

Motar tana ƙarƙashin bishiyar da ke gefen ginin, inda ba a hango ta daga ɗakin cin abinci. Kafin Mai Sawu ya ja ƙafarsa ya iso, direbobi da masu talla sun zagaye ta. Mai tuƙin, wanda budurwar ke kira Yaya, yana girgiza wata jakar fata a buɗe.

"Takardar gida! Takardar gidan ubanmu, a cikin ambulan mai ruwan ƙasa! Gobe da safe mai saye ke jira na. Wane irin wuri ne wannan? Gidan abinci ne ko matattarar ɓarayi?"

Mai Abinci ta fito da ludayi a hannu. Shekara goma sha biyu tana gina sunan wurin nan, ta san kuma cewa labari irin wannan yakan riga mota isa tasha ta gaba.

Matar Yaya ce ta nuna ƙasa. Kullum kafin azahar akan yayyafa wa filin ruwa a share shi, don haka duk abin da ya taka bayan nan yana nan ɓaro-ɓaro. Daga ƙofar kicin wani sawun silifas ya taho har jikin motar, kuma a dugadugin na hagu akwai tambarin zanen taya.

Mai Sawu ya gane shi nan take. Shi da hannunsa ya manna wannan facin, makonni uku da suka wuce, da guntun tsohuwar taya. Kowa a wurin ya san mai silifas ɗin.

Aka jawo mai wanke-wanke daga bayan kicin, kumfa har gwiwar hannunta. Doguwar mace ce da ta haura talatin, mai 'ya'ya biyu, wadda shekararta shida a wurin ba a taɓa jin ko cokali ya ɓata a hannunta ba. Silifas ɗin na ƙafarta.

"Ina takardata?" in ji Yaya.

"Ban ɗauki komai ba, ranka ya daɗe."

Marin ya yi ƙara har tsuntsayen kan bishiyar suka tashi. Ba wanda ya hana shi. Wani mai sayar da rake ma cewa ya yi dama masu shiru-shirun nan sai a hankali.

"Ki fito masa da abinsa, kada ki kashe min kasuwa," in ji Mai Abinci. "In kuwa ke ce, wallahi ba ni ba ke."

"Ofishin 'yan sanda zan kai ta da kaina," in ji Yaya. "Can za ta tuna inda ta ajiye."

Mai Sawu ya ratsa mutane, ya ja layi a ƙasa da ƙarfen cire taya. "Kowa ya koma bayan wannan. Kun tattake rabin abin da zan gani. Alhaji, ka ba ni ɗan lokaci. In ban samo maka hannun da ya ɗauka ba, ni zan buɗe maka ƙofar motar ka sa ta."

"Kai kuma wa?"

"Mai faci," in ji shi.

* * *

Ya fara da Yaya.

"Ka kulle motar?"

"Da hannuna. Ga makullin, bai bar aljihuna ba."

"Ba a fasa gilashi ba. Me kuma aka ɗauka?"

"Takardar kawai."

"Ga jakar uwargida a kujerar gaba, ga waya a jikin caji. Ɓarawon naka ba shi da kwaɗayi."

"Ka yi abin da aka sa ka, tsoho. Ba hira na zo yi ba."

Wata mai tallan lemo ta rantse ta ga direban babbar motar nan yana shawagi kusa da bishiyar. Nan take rabin taron ya juya kansa. Direban, ƙato mai jan ido, ya fara zage-zage yana cewa duk wanda ya isa ya zo ya caje shi. Mai Sawu ya bi sawun manyan takalmansa: sun wuce motar da taku huɗu, sun tsaya a jikin katanga, ga kuma jiƙaƙƙiyar shaida a gindin katangar.

"Laifinsa ɗaya ne," in ji Mai Sawu, "ga bayan gida can amma ya ƙi shiga."

Aka yi dariya. Mai wanke-wanke ba ta yi ba. Tana zaune a kan buhun gawayi inda aka ajiye ta, shatin yatsu huɗu a kumatunta.

Akwai wani sawun kuma, siriri, na takalmi mai ɗan tsini, da ya fito daga ɗakin cin abinci ya zagaya bayan bishiyar ya daɗe a tsaye. Ya sami mai shi a bakin famfo tana goge tabarau da gefen mayafi. Ita ce Auta, ƙanwar Yaya.

"Kin tashi daga tebur, 'yata."

"Na tashi." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba na son in yi kuka a gabansu."

"Kukan me?"

Ta juya tabaraun a hannunta. "Gidan da za a sayar, a ciki Inna take. A ciki aka haife mu. Yaya ya ce ya tsufa, ya ce za ta koma wurinsa, ya gyara mata ɗakin da suke ajiye kaya. Ba a tambaye ta ba. A mota aka gaya mata, yau da safe, bayan mun yi nisa."

"Ke kina so a sayar?"

"Ba a tambaye ni ba ni ma." Ta ɗago. "Amma ban ɗauka ba, Baba. Na yi tunanin ɗauka tun daga gida. Ba ni da zuciyar."

Ya dubi ƙafarta, ya dubi ƙasa. Sawunta bai kusanci ƙofa ko ɗaya ba.

"In an kulle motar nan, duka ƙofofin ke kulluwa?"

Ta dubi motar. "Ban da ta baya, ta hagu. Ta lalace tun bara."

"Wa ya sani?"

"Mu," in ji ta, sai kuma ta mayar da tabaraun da sauri kamar ta faɗi abin da bai kamata ba.

* * *

Mai Sawu ya tsuguna gaban mai wanke-wanke, gwiwarsa na ƙara.

"Miƙo ƙafar."

Ta miƙo. Doguwar ƙafa ce, ta cika silifas ɗin har dugaduginta na leƙowa ta baya. Shi ya sa ma wurin ya cinye har ya yi masa faci.

"Yau kin cire su?"

Ta janye ƙafar.

"Wa kika ara wa?"

"Takalmina ne, Baba."

"Na san naki ne, ni na gyara. Tambayarki nake wa ya sa su. Kin san inda mutumin nan zai kai ki? Kin san wa zai ɗauko yaranki daga makaranta?"

"Ina jira ne."

"Jiran me?"

Idonta dai ya tafi ƙofar ɗakin cin abinci, ya tsaya a can, irin kallon wanda ya aika yaro kasuwa yake duban hanya.

Mai Sawu ya koma ya bi sawun tun daga farko, a sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu. Takun gajere ne, rabin na mai wanke-wanke. Nauyin duk a gaba yake, facin dugadugin da kyar ya taɓa ƙasa, alamar ƙaramar ƙafa ce ke iyo a cikin babban takalmi. Sau biyu mai tafiyar ta tsaya ta huta a tsakanin kicin da bishiya. Ba ta gwada ƙofar direba ba, ba ta gwada ta gaba ba, kai tsaye ta zagaya ta baya ta hagu.

A nan ne, dab da jikin motar inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya ga abin da ya sa ya daɗe bai miƙe ba. Ya ɗauko wata tsohuwar roba ta wanki ya kife a kan wurin, ya ɗora dutse.

Daga motar sawun bai koma ɗakin cin abinci ba. Ya bi ta bayan kicin, zuwa murhun da ake dafa ruwan wanke-wanke. A bakin murhun, cikin toka, akwai wani baƙin abu mai laushi da ya naɗe kamar busasshen ganye, da ɗan kusurwar ambulan da wuta ta rage. Ya ɗauka ya sa a aljihu.

* * *

Ɗakin cin abincin ya zama fayau, kowa yana waje. Fanka na juyawa a kan tebura shida masu ledar fure, ƙudaje na bin farantan da aka bari. Inna na zaune ita kaɗai a teburin kusurwa. Ba ta taɓa abincinta ba, man miyar har ya daskare. Ƙafafunta na kan siminti, takalman na gefe.

"Sannu, Inna."

"Yauwa, sannu."

"Takalman na matsa miki ne?"

"Surukata ce ta saya. Ba ta tambayi ƙafata ba."

Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan. "Yarinyar can da aka mara, 'ya'yanta biyu. Mijin ya rasu. In aka sa ta a motar nan, ko an sake ta gobe, ba mai sake ba ta aiki a kan titin nan."

Tsohuwar ta gyara ledar teburin da tafin hannu, ta sake gyarawa.

"Ni ma na tsufa, Inna. Na san yadda yake a ɗauke ka kamar buhu a ajiye inda aka ga dama. In magana ta fito daga bakin uwa, ɗa zai yi fushi ya huce. In ta fito daga bakina, a gaban mutane za ta fito."

"Ban san ta ba," in ji Inna. "Ban ga komai ba. Ni abinci aka kawo ni in ci."

Ya jira. Fanka ta yi ta juyawa. Daga waje muryar Yaya na cewa lokacin da ya bayar ya ƙare.

Mai Sawu ya tashi. A shekarunsa na bin sawu ya kama mutane da yawa, bai taɓa jin ƙafarsa ta yi nauyi a hanyar komawa kamar yau ba.

* * *

Ya tara su a gindin bishiyar: Yaya da matarsa, Auta, Mai Abinci, mai wanke-wanke, da duk wanda bai da abin yi.

"Taka nan," ya ce wa mai wanke-wanke. Ta yi taku biyar a gefen tsohon sawun. Nata dogo, facin ya nutse sosai. Wancan gajere, facin kamar an shafa.

"Takalmi ɗaya, ƙafa biyu," in ji shi.

"Wayo ne," in ji matar Yaya. "Sanɗa ta yi. Wa bai iya sanɗa ba?"

"Ka gama?" in ji Yaya. "To buɗe ƙofar kamar yadda ka yi alkawari."

"Zan buɗe. Amma a fara shigar da Inna, rana ta yi mata yawa."

Auta ta shiga ta fito da ita. Tsohuwar ta taho da gajeren takunta, ta tsaya sau ɗaya a tsakiyar fili ta numfasa. Mai Sawu ya buɗe mata ƙofar baya ta hagu. Ta dafa ƙofar, ta zare ƙafar dama, ta zare ta hagu, ta sunkuya ta jera takalman kai da kai suna fuskantar motar, sannan ta taka ciki da ƙafa tsirara.

Mai Sawu ya ɗauke dutsen, ya ɗaga robar.

A ƙarƙashinta, tazarar tafin hannu ɗaya daga takalman Inna, ga shatin silifas biyu a jere kai da kai suna fuskantar motar. A gabansu ga rabin sawun ƙaramar ƙafa ba takalmi, yatsu biyar a fili.

"Na bi ɓarayi shekara talatin," in ji shi. "Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya cire takalmi kafin ya shiga motar da zai yi wa sata ba."

Ya ciro kusurwar ambulan ɗin ya miƙa wa Yaya. "Sauran yana cikin murhu."

Auta ta rufe baki da hannu. Yaya ya juya guntuwar takardar a tafinsa, ya dubi uwarsa ta cikin ƙofa.

"Inna?"

"Ubanku ne ya ɗora kowane bulo," in ji ta, tana kallon bayan kujerar da ke gabanta. "Na ce a can za a ɗauki gawata. Ka ji ni, ka ƙara wa rediyo murya."

"Kina zaune aka mari matar nan," in ji Auta. "Inna, ita ta ara miki takalmin, ko? Don ƙafarki na ciwo?"

"Da kwana biyu za su riƙe ta su sake ta. Irinsu sun saba." Tsohuwar ta gyara mayafinta. "Ni in an kai ni ɗakin kayan nan, wa zai sake ni?"

Mai Sawu ya saci kallon mai wanke-wanke. Marin bai sa ta sunkuyar da kai ba. Wannan maganar ce ta sa.

Sai Yaya ya fashe da dariya, dariyar da ba daɗi a cikinta. "Takarda kika ƙona, Inna, ba gida ba. Akwai kwafinta a ofishin filaye. Mako ɗaya, in ya yi yawa biyu, za a ba ni wata. Kin ɓata min tafiya ne kawai, kin kuma kunyata ni a gaban masu talla."

Hannun tsohuwar da ke kan mayafi ya tsaya cak.

"Alhaji," in ji Mai Sawu, "akwai wadda ka mara."

"Wa ya ce ta ba ta takalmi? Ta sani ta yi shiru, ai bakinsu ɗaya. Ta gode Allah ban kai ta ba." Ya buɗe ƙofarsa. "Ku shiga mu tafi. Ko abincin ma ba gishiri."

Matarsa ta ɗauki takalman Inna da yatsu biyu ta jefa su ciki. Auta ta yi taku ɗaya wajen mai wanke-wanke, bakinta ya buɗe, Yaya ya danna hon. Ta tsaya, ta juya, ta shiga. Motar ta ja baya ta bi ta kan shatin silifas ɗin, ta hau titi.

Taron ya watse da sauri, kowa ya tuna yana da abin yi. Mai raken ya ce shi dama tun farko bai yarda ita ce ba.

Mai Abinci ta share gumi da gefen zani. "To, Allah ya rufa asiri. Ke ma da kin buɗe baki tun farko da ba a kai nan ba. Tashi, faranti sun taru, ga wata motar can ta tsaya. Ki shafa ruwan sanyi a fuskar, kada baƙi su gani."

Mai wanke-wanke ta dube ta. Ta kwance ƙyallen da take ɗaurawa a ƙugu, ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa, ta ajiye a kan buhun gawayin. Ta shiga bayan kicin ta fito da 'yar jakarta.

"Ina kuma za ki? Ke! Da ke nake!"

Mai Sawu ya so ya ce wani abu, ya rasa wanda zai yi amfani. Ta wuce ta gabansa, ta wuce rumfar facinsa, ta bi gefen titi.

Bai ɗaga kai ya bi ta da kallo ba. Ƙasa ya duba, kamar yadda ya saba. Dogon taku ne, daidai wa daida, facin da ya manna mata yana nutsewa a kowane na biyu. Ya bi shi da ido har inda ƙasa ta ƙare kwalta ta fara, bai ga inda ta tsaya ko ta waiwaya ba.